Gurgun da ke bakin kaskon mazarƙwaila



Shekaranjiya na ratsa wata matsar rake a bakin fadama, kan hanyar Gummi. Na tarar da wani gurgu zaune gaban kasko, an ce tun asuba yake nan, yana kwashe kumfa yana zuba mazarƙwaila a mazubi. Aikin ga ba ƙafa yake so ba, ido yake so da jure wuta. Ina tsaye aka tashi, aka biya kowa cikakken ladansa, shi aka miƙa masa rabi. Na tambayi mai wurin dalili, sai ya ce: "Malam, ai taimakonsa nike yi, in ba don ni ba da bara ya tafi."

Ka ji fa! To curin da gurgu ya zuba, rabin kuɗi ake saida shi a kasuwa? Wannan tauye mudu ne, irin wanda Suratul Muɗaffifin ta yi wa narko da azaba, ko da an sa masa rigar taimako. Ibnu Ummi Maktum makaho ne, saboda shi aka saukar da farkon Suratu Abasa. Annabi (SAW) bai zaunar da shi jiran sadaka ba, ladanci ya ba shi, har ya riƙa bar masa Madina in zai fita.

Mai wurin ma yana da nasa kuka, kuma na ji shi. Dillalai ke tare shi tun a fadama, su karya farashi don sun san bashi na kansa, shi kuma ya huce a kan wanda ba ya da baki. Shari'a ta hana tare masu kaya kafin su isa kasuwa su san farashi. A Turai ana saida sukarin Malawi mai tambarin cinikin adalci, inda ake ƙara wani kuɗi ya koma ga ƙungiyar manoma. Mu hukuncin na hannunmu tun tuni, aikin ne muka bari.

Kuma ku tuna gubar dalma ta 2010 a Dareta da Bagega da 'Yargalma. Yara sama da 400 suka rasu, wasu suka rayu da naƙasa. Yanzu samari ne, suna neman abin yi. Kai mai matsa, in ɗayansu ya zo maka bana, nawa za ka biya shi?