Wa Ya Tantance Mai Ruwaya?

Ɗan garin Ruwan Gizo da ke koyon harshen kwamfuta na C a Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau, Talata Mafara, in shirinsa ya ƙi aiki, rubutunsa yake zargi. Da wuya ya zargi kwamfaila, manhajar da ke juya rubutun zuwa umarnin na'ura.

Amma a 1984 masanin kwamfuta Ken Thompson ya nuna ana iya gurɓata kwamfaila ta riƙa dasa ɓarauniyar ƙofa, rubutun kuwa tsaf. Malaman hadisi sun daɗe da wannan damuwa: kyawun matani bai wadatar, sai an binciki masu ruwaya, an nemi wata hanyar da ta ƙarfafa shi.

Haka ma a fannin kwamfuta: a 2009 David Wheeler ya kare digirinsa na uku kan tantance kwamfaila da wata kwamfailar daban.