Wa Ka Rataya A Bangon Ɗakinka?

Mai karatu, idan ana son sanin halin mutum akan tambayi sana'arsa, a tambayi gidan da ya fito, a tambayi abokansa. Ba a cika tambayar abin da ya rataya a bangon ɗakinsa ba. Alhali kuwa mutum yana iya gyara bakinsa a gaban baƙo, amma abin da ya sa kuɗinsa ya saya, ya nemo ƙusa ya kafa, yake kwana da shi yake tashi da shi, wannan ya fi bakinsa faɗar gaskiya.

Bahaushe dai bai taɓa barin bango tsirara ba. Tun kafin zuwan hoto magina suna zana dagi a ƙofar zaure, mata kuma suna yi wa amarya jere: da ƙorai aka fara, aka koma tasoshi, aka zo kan kwanuka da farantai da kwalla, sahu bisa sahu har kusa da rufi. Jeren nan magana yake yi. Cewa yake yarinyar nan tana da gata, uwarta ta shekara da shekaru tana zubin adashi saboda wannan rana, gwaggo ta kawo nata, inna ta kawo nata. Wato adon ɗaki a da labarin dangi ne.

Sai zamanin kalanda ya zo. Da farko 'yan wasan Indiya ne suka kama bango, su Amitabh Bachchan. Daga lokacin su Sangaya, wajen 1999, namu suka karɓe: Ali Nuhu, Fati Mohammed, Ibro da sauransu. Fostocinsu suka bi motocin 'yan kasuwa daga Kano har ƙauyuka, suka zauna a shagon mai aski, da teburin mai shayi, da ɗakin samari, da bayan ƙofar amarya. A gefensu ga hoton Ka'aba, ga Ayatul Kursiyyu cikin gilashi, ga wani shehi, ga ɗan takarar da ya raba kalanda lokacin zaɓe. Ka lura da abin da ya faru? Bangon da yake ɗauke da labarin dangi ya cika da baƙi.

Na san abin da zai fara zuwa ranka shi ne hukuncin addini, kuma daidai ne. Ya zo a Buhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura, kuma Manzon Allah (SAW) ya nuna ƙin wani labule mai surori da Nana A'isha ta rataya, har ta yanka shi ta yi matashin kai. Malaman Malikiyya sun fi tsanantawa a kan sura mai inuwa, wato gunki cikakke, suka ɗauki zanen da ke shafe a matsayin abin ƙi. Da hoton kyamara ya zo, Shaihu Bin Baz ya hana shi sai da larura, Shaihu Yusuf Ƙardawi kuma ya halatta shi idan abin da ke ciki ba haram ba ne. Ni ba mai fatawa ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Amma akwai wata ƙissa da ta shafi kowa, mai hanawa da mai halattawa. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa gumakan nan biyar da aka ambata a Suratu Nuhu, Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, sunayen mutanen kirki ne. Da suka mutu aka kafa musu alamu don tunawa. Masu tunawar suka shuɗe, jikoki suka tarar da alamun ba su san dalili ba, sai suka bauta musu. Ka ga inda haɗarin yake: ranar da tunawa ta ƙare, girmamawa ta saura.

To bari mu je ƙasar Gobir, don a can wannan tambaya ta daina zama ta hira. Kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta yau. Babu wanda ke da hoton Bawa Jan Gwarzo, haka nan babu na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya rasu a 1817, domin sai a 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa. Amma an manta da su? Bakin makaɗa da tsofaffi da alƙalamin malamai ya riƙe su. Bagobiri ma ai tarihinsa a kumatunsa yake ɗauke da shi, zanen da wanzami ya yi masa ba ya buƙatar ƙusa.

Yanzu dubi abin da ya sami wannan yanki. Tun daga 2019 dubban mutane daga Sabon Birni da Isa da maƙwabtansu suka tsallaka zuwa jihar Maradi saboda 'yan bindiga. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni cikin yini guda. A Nuwamba 2021 jaridu suka ba da labarin cewa 'yan bindiga sun tuɓe masu gari a Gangara da Makwaruwa sun naɗa nasu. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Mai karatu, sa kanka a matsayin mutumin Gangara da aka ce masa tashi cikin dare, goyo a baya, tsohuwa a hannu, kuma hannu ɗaya kawai ya rage masa. Me zai ciro daga bango? Kalandar ɗan takara? Fostar fim? Wallahi ko kallonsu ba zai yi ba. In zai ɗauki wani abu, Alƙur'aninsa ne, sai ɗan hoton mahaifinsa, in ya taɓa samun wanda ya ɗauka. Da yawa kuwa hoton tsohonsu bai wuce na katin zaɓe ba. Fuskar baƙo ta samu gilashi, fuskar uba ba ta samu ba.

Wannan shi ne ma'aunin da nake ba ka. Abin da ba za ka waiwaya ba ranar gudu, me ya sa ya fi kowa samun wuri ranar zaman lafiya?

Za ka ce, "Haba malam, nishaɗi ne fa kawai, ina ruwan kalanda da wannan dogon zance?" Na yarda, son ɗan wasa ba laifi ba ne, mu ma da ke wannan shafi masoyansu ne. Amma duk wanda ka ɗora a bangonka ya samu haƙƙi a kanka. Sau nawa ka ga saurayi da hoton 'yar fim a saman katifarsa, in ya fita majalisa shi ne kan gaba wajen cewa 'yan fim ba su da tarbiyya, kuma ko kusa ba zai yarda ƙaninsa ya auri irinta ba? Ya ci moriyar fuskarta, ya ci namanta. Balaraba Mohammed ta rasu a hatsarin mota a 2003, Ahmed S. Nuhu a ranar 1 ga Janairu 2007, Rabilu Musa Ibro kuma ya rasu a Disamba 2014. Hotunansu sun daɗe a bangaye bayan an binne su. A cikin masu kallon hotunan nan kullum, mutum nawa ne suka ce Allah ya jiƙansu? In hoto bai sa ka yi wa mai shi addu'a ba, to takarda kawai ka liƙa.

Haka wanda ya rataya hoton shehinsa. In kallonsa yana tuna maka karatun da ya koyar da halin da ya yi, madalla da niyya. In kuwa ka kai ga shafa gilashin kana shafawa a fuska, kana jin shi ke tsare gidan, to ka tuna da mutanen Annabi Nuhu.

Kai kuma da ka sauke komai saboda tsoron Allah, ka bar bango fari fat, babu mai yi maka dariya, ka bi hanya mai aminci. Sai dai ka sani akwai bashi a kanka. Tun da ka cire fuskar kakan yara, to ka sa sunansa a bakinsu. Ka gaya musu garin da ya fito, da gonar da ya noma, da wanda ya taimaka, kamar yadda Gobirawa suka riƙe nasu shekaru fiye da 200 ba tare da hoto ko ɗaya ba. Yaran da aka haifa a zaman gudun hijira, waɗanda ba su taɓa ganin garinsu ba, da wannan kaɗai za su san ko su wane ne.

Ita kuma matar da ta kife hoton mijinta da aka kashe don kallonsa yana tayar mata da ciwo, kada a ce ta manta. Wadda ta rataya nata, kada a yi saurin yanke mata hukunci. Kowacce da yadda take ɗaukar kayanta.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da mutanen Gobir gidajensu lafiya, ya sa mu dace. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.