Tsohon Ɗaki a Bayan Gida: A Rushe Ko A Gyara?

 Yau zancenmu a kan wani tsohon ɗaki ne na katako da kwano, a bayan wani gida cikin unguwar Nzeng-Ayong, a nan birnin Libreville na ƙasar Gabon. Maigidan ne ya gina shi da hannunsa, yana ajiye fartanya da adda da buhunan taki a ciki. Bayan rasuwarsa sai ɗakin ya zama wurin jibge tarkace. Kwano ya yi tsatsa, ƙofa ta karkace, ɓeraye suka sami masauki.

Sai gardama ta tashi tsakanin gwauruwar da babban ɗanta. Ɗan ya ce, "Mama, ɗakin nan abin kunya ne, wata rana ma zai faɗo wa yara. Bari a rushe shi." Ita kuwa ta ce, "Ɗana, gumin mahaifinka ne. Muddin ina da rai ba mai taɓa shi." Wani maƙwabcinsu mai aikin lambu ya kawo shawara ta uku. Ya ce a raba ɗakin biyu: rabi ya zauna ɗakin ajiya, rabi kuma a cire masa kwano a rufe da leda mai haske, ya zama rumfar renon shuka. Ga tambayar da nake so mu yi tunani a kanta: yaushe ne riƙe tsohon abu yake zama aminci, yaushe kuma yake zama son kai?

Da farko bari mu ga dalilin da ya sa shawarar mai lambun ba wasa ba ce. A Turai ana gina wa shuke-shuke ɗakin gilashi saboda sanyi. A nan kuwa ba mu san sanyi ba, ruwan sama ne yake yi wa lambu ɓarna. Libreville tana samun ruwa kusan milimita 3,000 a shekara, wajen ninki uku na abin da Kano take samu, ranin ma gajere ne, daga Yuni zuwa Satumba. Ruwa yana dukan ƙananan tsiro ya kwantar da su, ya wanke taki, danshi kuma ya jawo cuta ga ganye. Shi ya sa masu lambu a gefen birni suke kafa rumfunan leda, sama a rufe, gefe a buɗe domin iska ta ratsa. Cibiyar IGAD, wadda aka kafa a 1992, ta daɗe tana taimakon masu noman kayan miya a kewayen birnin. Duk da haka tumatir da albasa masu yawa da ake sayarwa a kasuwar Mont-Bouët daga Kamaru ake kawo su a mota, da tsada kuwa. Ashe 'yar rumfa a bayan gida, mai ba da alayyafo da yakuwa da barkono, ba ƙaramin taimako ba ce ga tukunyar gwauruwa.

To, wa yake da gaskiya, uwa ko ɗa? A ganina kowannensu ya riƙe rabin gaskiya, ya saki rabi. Ɗan ya yi daidai da ya tuna da yara. Amma kalmar da ta fara fitowa daga bakinsa ita ce "kunya". Idon baƙi ya fi damunsa, bai kuwa taɓa shiga ɗakin ya duba ginshiƙi ko ɗaya ba. Uwar ma ta yi daidai da ta ƙi a zubar da aikin mijinta kamar shara. Amma ita ma shekara nawa ba ta sa tsintsiya a ɗakin ba? Ƙaunar da take cewa "kada a taɓa" alhali abin yana ruɓewa, tana tsaron abin da yake cikin zuciyar mai ita ne, ba ɗakin ba. Dukansu biyu sun yanke hukunci daga nesa.

Kafinta ba ya yin haka. Yakan ɗauki ƙusa ya bi katakai ɗaya bayan ɗaya yana sokawa, musamman a gindi inda itace ya taɓa ƙasa. Gama gara daga ciki take ci, ta bar fatar waje lafiya lau, sai ka ga ginshiƙi a tsaye alhali cikinsa gari ne. Itatuwan ma ba ɗaya ba ne. Okume, wanda Gabon ta yi suna da shi, yana da taushi, ba ya jure gara da laima. Jan itacen nan da ake kira paduk kuwa yana daɗewa. A ɗaki guda za ka iya samun wanda ya mutu da wanda yake da sauran shekaru masu yawa a gaba.

Akwai kuma hanya ta huɗu, wadda ba wanda ya ambata, amma ita ce mafi yawanmu muke bi: a sayo fenti a shafe komai. Uwa ta ga ɗakinta a tsaye, ɗa ya ga abin ya yi kyau, gardama ta ƙare, kuɗi kaɗan aka kashe. Ɗan'uwana, wannan ƙarya ce, ko da ba wanda ya buɗe baki. Wanda zai biya bashinta kuwa ba ya wurin sa'ad da aka yi shawara. Jikan nan ne da za a aika ya ɗauko bokiti ranar da iska ta taso.

A Littafin Firistoci sura 14 akwai ka'ida game da gidan da tabo mai yaɗuwa ya kama bangonsa. Firist ya fara zuwa ya duba, a rufe gidan kwana 7, ya sāke dawowa. In tabon ya yaɗu, a cire duwatsun da suka kamu, a kankare bango, a sa sababbin duwatsu, a yi sabon yaɓe. Sai in tabon ya sāke dawowa bayan wannan duka ne za a rushe gidan. Ka lura da tsarin: rushewa ce ta ƙarshe, amma tana nan, ba a share ta ba. Sau nawa muke juya wannan tsari a kan abokin ciniki, ko tsohon ma'aikaci, ko ma a cikin aure? Ko dai mu kore ba bincike, ko mu rufe ido mu ce komai lafiya.

Ba na cewa gyara ya fi rushewa kullum. Wani lokaci kuɗin gyara yakan zarce na sabon gini, in kuwa ginshiƙai duka sun tafi, riƙe su wauta ce. Gyaran ma yana da nasa farashi da ba na kuɗi ba. Ɗakin ajiya yana son bushewa da kwaɗo a ƙofa, domin taki da maganin ƙwari ba na hannun yara ba ne. Shuka kuwa tana son ruwa da haske da iska. Dole a yi bango na gaske a tsakaninsu, in ba haka ba ruwan ban ruwa zai ruɓar da kaya. Wato ɗakin da zai fito ba shi ne ainihin wanda marigayi ya bari ba. Wannan ne ya fi yi wa uwar wuya, na kuma fahimce ta. Amma mai lambun ya yi mata tambaya guda: "Mama, da Baba yake kafa ɗakin nan, don me ya kafa shi? Don a riƙa kallo, ko don lambu?" Ta yi shiru na ɗan lokaci.

Ranar da kafinta ya zo, ita da ɗanta suka tsaya suna kallo. Ginshiƙai biyu na baya ƙusa ta shige su kamar tuwo, sai uwar da bakinta ta ce a cire. Na gaba kuwa ƙusar ta lanƙwashe, ɗan ya sunkuyar da kai. Ƙofar ma ba ta gyaru ba, amma ta hana a ƙone ta. An yanke ɓangaren da yake da sauran ƙarfi, aka yi kanta da shi a cikin rumfar, a kansa ne aka jera gwangwanayen irin barkono.