Turmi Bai Bar Gida Ba

Da sassafe a unguwar Galtimari ta Maiduguri, layin robobi da bokitai kan miƙe a gaban mai injin markaɗe: waken ƙosai, geron kunu, tattasai da tumatir. Aikin da zai ci wa mace rabin safiya a turmi, inji kan gama shi tana cikin gaisawa da maƙwabciya. Amma da wuya ka shiga gida ba ka ga turmi da taɓarya a jingine ba. Kuma mai hankali ba ta miƙa geronta sai ta tambaya, "Malam, me ka markaɗa kafin nawa?" In barkono ne, kunu ya tashi daga aiki.

Wannan tambayar nake so ƙannenmu masu koyon rubuta manhaja su riƙe, musamman ɗaliban Jami'ar Maiduguri da suka fara sabawa da baƙin allon Linux, inda ake buga umarni da hannu maimakon danna hoto.

Tsofaffin kayan aikin wannan allo sun haura shekara 50. Da ls ake ganin abin da ke cikin folda, da cat ake zubo abin da ke cikin fayil, dukansu suna nan tun Unix na 1971. Shi kuwa grep, mai lalubo kalma a cikin tarin rubutu, Ken Thompson ne ya rubuta shi a Bell Labs ta Amurka wajen 1973. Yanzu kusan kowanne ya samu magaji. Andrew Gallant ya fitar da ripgrep a 2016, da harshen Rust. David Peter ya kawo fd a madadin find, mai nemo fayiloli, da bat a madadin cat, mai sa wa rubutu launi da lambar layi. Ni ina amfani da su, kuma ba na ɓoye jin daɗinsu. A kan tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo mai batirin da ba ya jure rashin wuta, duk minti ɗaya da ka tsira da shi riba ne.

Sai dai a san inda wani ɓangare na saurin ya fito. Idan ka ce wa grep ya bi folda, zai leƙa ko'ina, har ɓoyayyun fayiloli. Shi ripgrep yakan yanke maka shawara tun kafin ka tambaya: yana tsallake fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo, yana tsallake duk abin da aka lissafa a .gitignore. Galibi abin da kake so ke nan. To amma a ce kalmar sirrin rumbun bayananka tana cikin fayil mai suna .env. Ka buga rg, wato umarnin ripgrep, allo ya dawo wayam, ka rantse babu ita, alhali tana nan. Sai ka ƙara masa --hidden, ko -uu idan fayil ɗin yana cikin .gitignore ma, sannan ya duba inda ya tsallake. Wanda bai taɓa aiki da grep ba, ko zargin an tsallake wani abu ba zai yi ba. Haka fd yake, halinsu ɗaya.

Akwai kuma batun ɗorewa. An yi yayin exa a matsayin magajin ls, mai shi ya daina kula da shi, wasu suka ɗauka suka ci gaba da sunan eza a 2023. Ko sunayen ma ba su zauna wuri ɗaya ba: a Ubuntu da Debian, bat ya koma batcat, fd ya koma fdfind, domin wasu manhajojin sun riga su ɗaukar sunan.

Ranar da aka ba ka aikin gyara sabar wani kamfani daga nesa, za ka iya shiga ka tarar babu rg, babu bat, kuma ba ka da izinin girka komai. Abin da za ka samu shi ne grep da find da cat, domin ƙa'idar POSIX ta tanade su, kusan kowace na'urar Unix da su take zuwa. Shi ya sa duk jerin umarnin da zan rubuta don ya yi aiki a kwamfutar wani, da tsofaffin nake rubuta shi. Sababbin kuwa na bar su a tawa, don aikin yau da gobe.