Yaushe Ake Ba Yaro Amana?

A birnin Dresden na ƙasar Jamus akwai wani babban lambun shaƙatawa, a cikinsa kuma akwai layin dogo. Faɗin layin santimita 38 ne, ko kamu ɗaya bai kai ba, tsawonsa kuma bai cika kilomita 6 ba. Tsohon layinmu da ya iso Ibadan a 1901 ya kai Kano a 1911, wanda ya riƙa saukowa da shanun kakanninmu yana hawa da goro, faɗinsa ƙafa uku da rabi ne. Kun ga wancan na Jamus ɗan tsito ne a gabansa. Amma fa jirgi ne na gaske, da inji da taragai da tashoshi. Yakan ɗauki manya da yara ya zagaya da su lambun, ya dawo da su inda suka hau.

Abin da ya sa muka kawo zancensa shi ne masu yi masa aiki. Tun daga 1950 yara 'yan makaranta ne ke duba tikiti, su tsaya a tasha, su ba jirgi izinin tashi. A Budapest, babban birnin Hangari, akwai irinsa tun 1948, mai tsawon fiye da kilomita 11. Can yara 'yan shekara 10 zuwa 14 ne ke sayar da tikiti, su ɗaga alama, su juya wa jirgi hanya. Ba a ɗaukar yaro sai yana ƙoƙari a aji, iyayensa sun yarda, ya yi watanni yana koyo, ya ci jarrabawa. Bayan haka ma aikin yakan zo masa kamar sau ɗaya ne a mako biyu. Tuƙin jirgi kuwa na babba ne, kuma manya na sa ido a kan komai.

To, daidai ne a ɗora wa ɗan shekara goma sha biyu nauyin da rayukan mutane ke ciki? Ƙaramin jirgi ma idan aka juya masa hanya ba daidai ba, sauka zai yi daga kan layi, kuma mutane ne a cikinsa. Wani zai ce ganganci ne, yaro ai yaro ne. Wani kuma zai ce, wannan ne abin mamaki? Mu ai tuni 'ya'yanmu ke aiki. Dukkan maganganun biyu akwai masu yinsu a unguwar nan, kuma a ganinmu dukkansu da gyara.

Mu fara da mai cewa yaro yaro ne. Mun san shaguna da yawa inda ɗan mai shago ya kai shekara talatin amma bai taɓa buɗe littafin bashi ba, bai san wa ke ba uban kaya ba, bai san nawa ake sarowa ba. Aikinsa shara da miƙo kaya da sayo abinci. Ranar da ta Allah ta kasance, kafin a yi sadakar arba'in sai ka ga shago ya fara ramewa. Masu bin bashi sun zo da takardunsu, waɗanda ake bi kuwa sun yi shiru. Sai a ce yaron ba shi da kai. Alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Mu da ke zaune nesa da gida abin ya fi yi mana ciwo, domin ba gonar gado a nan da iyali za su koma mata idan shago ya rufe.

Shi kuma mai cewa 'ya'yanmu na aiki, mu tambaye shi wane irin aiki. Yarinyar da aka ɗora wa faranti tun safe tana ratsa motoci a bakin titi, ba babba a kusa da ita, ba ta ga aji ba, in kuɗi bai cika ba ta sha duka, wannan ba amana aka ba ta ba, kaya aka ɗora mata. Bambancinta da yaron tashar Budapest a fili yake. Shi karatu ne sharaɗin aikinsa, ita aikin ne ya cinye karatun. Shi an koya masa kafin a sa shi, kuma babba na tsaye don ya tare kuskure kafin ya zama ɓarna. Aikinsa don a gina shi ne, nata kuwa don a cika aljihun wani.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a gare mu. A Suratun Nisa'i, aya ta 6, an umarci mai riƙon maraya ya riƙa jarraba shi kafin ya miƙa masa dukiyarsa, kuma malamai sun yi bayani cewa jarrabawar ita ce a ba shi ɗan abu kaɗan ya juya, a ga yadda zai yi. Idan haka ake yi wa maraya, ina ga ɗan da ubansa ke raye?

Saboda haka kowa ya shimfiɗa ɗan ƙaramin layi a shagonsa. Ranar Asabar, bayan an tashi daga Islamiyya, a ba yaro teburin gefe da kaya ƙidayayyu. Ya auna, ya karɓi kuɗi, ya ba da canji, ya rubuta. Da yamma a zauna a yi lissafi tare. In an samu giɓi a bi sawunsa da shi har a gano inda ya shiga, ba da bulala ba. In ya riƙe wannan, baɗi a nuna masa littafin bashi, a je da shi sari ya san fuskokin mutane. 'Ya'ya mata ma haka. Babban ciniki da makullin akwati su zauna a hannun uba tukuna, kamar yadda tuƙi ya zauna a hannun direba.

Za a yi asarar 'yan kuɗi a hanya, babu shakka. Gara a yi ta yanzu muna tsaye muna gyarawa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa su fi mu riƙon amana.