Shin Dole Ne Farkon Karatu Ya Yi Ɗaci?

Kawuna alaramma ne, ya rubuta Alƙur'ani da ka, kuma yana karantarwa a zaurensa nan Potiskum tun kafin a haife ni. Ni malamin firamare ne. Saɓanin da ke tsakaninmu kwanakin nan ya samo asali daga wayar da nake shiga aji da ita, amma tushensa ya girmi waya nesa ba kusa ba. Shi yana kan maganar magabata cewa karatu farkonsa maɗaci ne, ƙarshensa zuma. Duk wanda ya lasa wa yaro zumar tun farko, a ganinsa, yaudararsa ya yi.

Ga abin da nake yi. Akwai yaro a ajina na huɗu, bencin baya, wanda ranar Laraba ba ka ganin ko ƙeyarsa, yana kara wajen babansa dillali. Ka nuna masa harafi a allo ya sunkuyar da kai, amma ka tambaye shi bambancin bunaji da rahaji da bokoloji, sai ka roƙe shi ya yi shiru. Wata Laraba na bi shi kasuwar, na ba shi wayata ya ɗauko hotunan yadda ake loda shanu a tirela mai tafiya Legas: igiya a ƙaho, wani na murɗa wutsiya, karen mota a sama yana ihu. Da muka dawo ya ba da labarin da bakinsa, muka naɗa. Sannan na kafa sharaɗi: ba za a nuna wa 'yan aji ba sai kowane hoto ya sami jimla a ƙarƙashinsa, a rubuta ta a littafi da fensir kafin ta hau waya. Ya yi gumi a kan jimlolin nan, ya goge har takardar ta huje. Bai gudu ba dai.

Da na ba kawu wannan labari, bai ɗaga kai daga tasbaharsa ba. Ya ce, "Ɗana, ranar da babu hoto fa? Ranar da zai zauna shi kaɗai da baƙin rubutu?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ranar nake shirya masa."

Tambayar tasa ba ta wasa ba ce, don haka ban raina ta ba. Abin da kawu ke karewa shi ne haƙuri. A wurinsa wahalar karatu tarbiyya ce: tashin asuba, sanyin hunturu a gindin wuta, maimaita aya har ta zauna, a wanke allo a sake. Yaron da ya jure wannan ya koyi danne zuciyarsa, wanda ya fi haruffan kansu tsada. Tsoron sabon kayan aiki kuma tsoho ne. Aflaton ya ruwaito cewa malaminsa Sokaratis, a Girka kimanin shekara 2,400 da suka wuce, ya yi fargabar rubutu kansa zai kashe hadda. Bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Mu nawa ne yau ke riƙe da lambar wayar matanmu a ka?

Inda na rabu da shi shi ne, ɗacin iri biyu ne, mun daɗe muna haɗa su a ƙwarya ɗaya. Akwai ɗacin aikin kansa, na haɗa baƙi da wasali, wanda babu na'urar da za ta ɗauke wa yaro. Akwai kuma wanda mu malamai muke ƙarawa: bulala, tsawa, da sa yaro ya rera jimlar Turanci da bai san ma'anarta ba alhali ko Hausa bai iya karantawa ba. Na biyun nan ban ga inda addini ya wajabta shi ba. Wahayin farko da umarnin karatu ya zo, har da ambaton alƙalami, amma Littafin da ya zo da umarnin cike yake da ƙissoshi. Suratu Yusuf, mai aya 111, labari ɗaya ne daga mafarki zuwa fassararsa, kuma akwai sura sukutum mai sunan Ƙasas. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta aika malamanta mata da ake kira jajoji ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru, don ta san abin da ke da daɗin ji shi ke zama a rai. A ɓangaren boko ma, Magana Jari Ce da Abubakar Imam ya fara fitarwa a 1937 don 'yan makaranta aka rubuta shi, kuma aku ne a ciki yake tsare ɗan sarki da labari. Iyayenmu da yawa a kansa suka ƙware.

Batun cewa ƙagaggen labari ƙarya ne, wannan kawu da kansa bai tsaya a kai ba. Mai tatsuniya ba ta yaudarar kowa, tun daga gatanan gatananku kowa ya san inda aka dosa.

Ya kamata kuma a tuna garin da muke. Wanda ya ga harin makarantar Mamudo a watan Yulin 2013, ya kuma ga bam ɗin da ya tashi a taron safe na makarantar kimiyya da fasaha ta gwamnati ranar 10 ga Nuwamba 2014, ya kashe ɗalibai fiye da 40, ba zai yi saurin kiran yaro malalaci ba. Yaran ajina ba su ga wannan ba, amma iyayensu sun gani, kuma wasu har yau da ɗari-ɗari suke tura 'ya'yansu boko. Makarantar da aka taɓa jin tsoronta, ita ya kamata ta nemo yaro da abin da zai ja shi.

Sai dai akwai wurin da na ba kawu gaskiya ɗari bisa ɗari. Waya tana iya yi wa mutum karatun. Littattafan soyayya na Kano sun sa mata da yawa sun dage sun koyi karatun Hausa tun shekarun 1980. Yau irin labaran nan ana sauraronsu a YouTube ana wanke-wanke, babu harafi ko ɗaya da ya shiga ido. In malami ya kunna bidiyo yara suka yi tsit, bai koyar da komai ba, ya huta ne kawai. Shi ya sa a ajina yaro ne mai labarin, kuma fensir ke gaba da waya.

Matsalar da ke gabana yanzu wata ce daban. Wata yarinya ta naɗo muryar kakarta tana tatsuniya da Karekare, da waƙa a tsakiya. Zuben ta juya shi Hausa ta rubuta, waƙar kuwa ta ce in an juya ta lalace. Masanin harsunan nan Russell Schuh, wanda ya yi bincike kan Ngizim a garin nan tun wajajen 1970, shi da Maina Gimba sun jagoranci aikin da ya fitar da ƙamusoshin Bolanci, Ngizim, Karekare da Ngamo, a nan Potiskum aka buga su. Na aro na Karekare wurin wani abokina da ke koyarwa a kwalejin ilimi, mako mai zuwa za mu zauna da yarinyar mu nemo yadda ake rubuta baitocin.