Irin shuka: na mai digiri ne ko na mai fartanya?

Mai karatu, a wannan shafi mun saba kuka kan satar fasaha. Furodusa ya zuba dukiyar sa, fim ya fito, kafin mako ya zagayo an gurza faifan ana sayarwa a bakin titi. Duk mun yarda wannan zalunci ne. To, idan abin da aka ƙirƙira ba fim ba ne, irin shuka ne fa, wa ke da haƙƙin mallakar sa?

Kada ka ce wannan zancen 'yan boko ne. Manomin Rogo ko Ƙaraye ba shi da nisa da Samaru, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta ke. A can ne Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikin waken nan SAMPEA 20-T, wanda aka fitar wa manoma a 2019. An sa masa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar bakteriya don ya kashe tsutsar Maruca mai cinye fure da kwanson wake. Fasahar ta fito ne daga kamfanin Monsanto na Amurka, amma an bayar da ita ta hannun gidauniyar AATF ba tare da kuɗin haƙƙin mallaka ba.

Madalla. Sai dai kyauta daban, haƙƙi daban, kuma wanda ya ba ka yau ba dole ne ya ba ka gobe ba. A 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta ba wannan kamfani gaskiya a kan wani manomi, Vernon Bowman, saboda ya shuka waken suya mai ɗauke da fasahar su, ya kuma ware iri ba da izini ba. A nan gida ma, a 2021 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar da ta ba mai ƙirƙiro sabon iri haƙƙi a kan sa.

Ni dai ba na cikin masu cewa malami ya yi aikin banza. Wanda ya ƙarar da ƙuruciyar sa tsakanin ɗakin bincike da gonar gwaji ya cancanci lada da suna. Amma fim da iri ba ɗaya ba ne. Faifai ba ya haihuwa, sai ɓarawo ya gurza shi. Iri kuwa haihuwa ce aikin sa, ka shuka tiya ka girbe buhu. Sannan waken da masanin ya ɗora fasahar sa a kai, ai ba shi ya halitta ba. Kakannin manoma ne su ka yi ta zaɓen mai kyau, su na adanawa cikin toka da rumbu, damina bayan damina, kuma babu wanda ya rubuta sunan su a takardar digiri.

A Samarun dai akwai abin koyi. Tun cikin shekarun 1960, masanin tattalin arzikin noma David Norman ya bi ƙauyuka irin su Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi ya na lissafin aikin manoma. A lokacin ana ganin haɗa gero, dawa da wake a gona guda ƙauyanci ne. Lissafin sa ya nuna manomi na da hujja: haɗin ya na biyan wahalar sa, kuma idan wannan ya ƙi, wancan ya yi. Ka ga malamin da ya yi suna ta hanyar sauraren talaka kenan.

Wannan shi ne ma'aunin da zan so ka riƙe, mai karatu. Idan an ce wane ya zama farfesa, ya wallafa maƙaloli, ya yi rajistar iri, mu taya shi murna, sannan mu tambaya: manomin Rogo zai iya ware iri daga amfanin sa ya shuka baɗi, ya kuma sam wa maƙwabci, ba tare da tsoron kotu ba? Idan zai iya, ilimi ya yi rana. Idan ba zai iya ba, to an karɓi amanar kakannin sa an sayar masa da ita.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.